Horon Natsuwa ko Maganin Likita: Ina Malamin Aji Zai Tsaya?

Babu makarantar firamare, daga Kanya Babba zuwa Babura, ko daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, da malamanta ba su san irin wannan yaro ba. Ba ya iya zama a kan benci na minti biyar. Yakan amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba, ya fara aiki ya bar shi a rabi, ya ɓatar da fensir sau uku a mako. Sunayen da muke ba shi suna da yawa: mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, gagararre. A gida wasu su ce gado ya yi, wasu su ce iska ce ta shafe shi. Akwai kuma 'yar'uwarsa da ba a cika lura da ita ba, wadda ke zaune shiru a bayan aji, idonta na kan allo amma hankalinta ya yi nisa. Shi rabonsa bulala, ita rabonta a kira ta daƙiƙiya.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali. Tun a 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi bayaninsa a wasu laccoci da ya gabatar a Landan. A yau ana kiransa lalurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda ake taƙaita sunanta da ADHD, kuma binciken da ya haɗa alƙaluman ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100. Ke nan a ajin da aka cusa yara 80, ana iya samun huɗu. Sai dai ba kowane mai ƙiriniya ne ke da ita ba. Sharaɗin likitoci shi ne alamomin su bayyana kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla wata shida, a gan su a gida da makaranta, kuma su riƙa kawo wa yaron cikas a karatu da zama da mutane.

A Turai da Amurka an daɗe ana muhawara kan hanyar taimakon waɗannan yara, kuma muhawarar ta fara isowa gare mu ta wayoyin hannu. Wasu sun ce a ba su magani, wasu sun ce a koya musu natsuwa.

Maganin yana da dogon tarihi. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa wata ƙwaya mai zaburar da ƙwaƙwalwa tana sa yara masu ƙiriniya su natsu su yi karatu. Wanda aka fi bayarwa a yau shi ne wanda aka sani da sunan Ritalin. A 1999 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka da ya bi yara 579 na tsawon wata 14, aka ga magani da likita ke sa wa ido a kai a kai ya fi horon ɗabi'a shi kaɗai rage alamomin lalurar, haɗa su biyun kuma ya fi amfani ta wasu fuskoki. Amma da aka sake duba yaran bayan shekara uku, tazarar da ke tsakaninsu ta dishe. Maganin yana kuma rage cin abinci, yana iya hana barci, yana iya taɓa girman jiki da bugun zuciya. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya ƙi sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021, yana neman ƙarin hujja kan amfaninsa na dogon lokaci.

Horon natsuwa kuwa shi ne koya wa mutum ya tattara hankalinsa a kan abu ɗaya, kamar fitar numfashi da shigarsa, in hankalin ya gudu ya dawo da shi ba tare da zargin kai ba. Tushensa daga al'adun zuzzurfan tunani na mabiya addinin Buda yake, sai Jon Kabat-Zinn ya tace shi ya mai da shi tsarin asibiti a Amurka a 1979. A ƙasar Holan, masana a Jami'ar Amstadam sun tsara horo na mako takwas wanda yara ke yi a ɗaki guda, iyayensu a wani ɗakin. Da aka gwada shi a birnin Nijmegen, wasu yaran sun samu sauƙi sosai, iyaye ma sun amfana, amma a dunƙule bai nuna fifiko a fili a kan kulawar da aka saba bayarwa ba. A Birtaniya kuma, wani gwaji da aka fitar a 2022, wanda ya shafi makarantu 84 da ɗalibai fiye da 8,000, ya gano cewa koyar da shi ga aji gaba ɗaya bai fi darasin da aka saba ba wajen kyautata lafiyar tunanin yara. Waɗanda suka ɗan samu sauƙin gajiya su ne malaman da aka horar.

Matsayinmu a nan a bayyane yake. Horon natsuwa abu ne mai kyau ga wanda ya karɓe shi, musamman in an haɗa da iyaye, amma ba ya maye gurbin magani ga yaron da lalurarsa ta tsananta. Magani kuma hurumin likita ne. Ko a Birtaniya, inda likitoci suke da yawa, ƙa'idar da suka fitar a 2018 ta ce a fara da gyara yanayin gida da na aji, sai in hakan bai wadatar ba a koma ga magani.

Haɗari biyu muke hango wa yankinmu. Na farko shi ne ƙwaya. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. A irin wannan hali, malamin da ya ce wa uba ya je kemis ya nemo wa ɗansa abin da zai kwantar da shi ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Na biyu shi ne arha. Horon natsuwa ba ya bukatar gini ko albashi, don haka yana da daɗin sha'ani ga mai son a ga ya yi wani abu. Za a iya tara mu a taron bita na kwana biyu, a koya mana jan numfashi, a mai da mu aji mai ninki biyu na abin da tsarin ilimi na ƙasa ya ƙayyade, wato malami ɗaya ga yara 35. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Akwai abin da ke hannunmu tun yanzu. Kafin mu yanke wa yaro hukunci, mu tambaya ko ya karya kumallo, ko yana ji da kyau, ko yana ganin allo, ko ya kwana yana aiki, domin yunwa da ciwon kunne da ƙarancin jini da rashin barci duk suna hana natsuwa. Mu zaunar da shi a gaba, nesa da taga. Mu ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, mu gutsuttsura masa aiki. Mu ɗora masa goge allo da rabon littattafai, don motsinsa ya zama hidima. Mu yaba masa nan take in ya yi daidai, domin yaron da ya saba jin tsawa kullum yabo yana ratsa shi. Wanda ya ga dama ya fara darasi da minti biyu na shiru da jan numfashi, babu laifi, muddin an bayyana wa iyaye abin da ake yi da inda ya samo asali. Mu rubuta abin da muka gani na tsawon zango guda, mu zauna da iyaye cikin mutunci, mu ba su shawarar ganin likita. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Mu kuma fahimtar da su cewa zuwa can ba ya nufin ɗansu ya taɓu.

Sauran yana hannun hukuma. Jigawa ta samu dokar kare yara a Disamba 2021, ƙasa kuma ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Muna kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilimi na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa da su ɗauki ƙarin malamai, su sa gane wannan lalura cikin horon da ake ba mu, su kuma haɗa kai da ma'aikatar lafiya a samar da takarda guda mai sauƙi da shugaban makaranta zai tura yaro da ita asibiti. Muna kira ga wakilan makarantu su kawo wa taron reshe na gaba adadin yaran da ke kowane aji, domin da shi za mu shiga ofis.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Yaron da aka doka shekara shida a kan abin da ba ya iya sarrafawa, a ƙarshe barin makarantar zai yi, kuma a tasha ko bakin kasuwa za mu sake haɗuwa da shi.