Dabba Ke Yanke Hukunci Kafin Zuwan Inji

A shekarar 1977 wani Ba'amurke mai suna Marc Miller ya fitar da wasan Traveller. Wasa ne na ƙagaggen labarin kimiyya: 'yan wasa kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani matafiyi a sararin samaniya, suna jefa ƙwayar ludo domin sanin abin da zai auku. Kowace duniya da suka sauka tana da lambar matakin fasaharta, daga 0, wato zamanin dutse, zuwa sama. Mutanen ƙananan matakai da ƙafa da dabba da kwalekwale suke tafiya.

A ganina wannan tsani yana iya ɓatar da ɗalibi, domin yana nuna kamar dole kowace al'umma ta bi turba guda: ƙafa, doki, amalanke, sannan mota. Tarihi bai tafi haka ba. Mutanen Meziko na dā sun san wili, har sun sa shi a ƙananan gumakan yumɓu, amma ba su yi amalanke ba, kuma ba su da dabbar da za ta ja shi. A Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya kuwa an yi amfani da amalanke, daga baya raƙumi ya kore shi ƙarnuka da dama, kamar yadda Richard Bulliet ya nuna a littafinsa na 1975. A dazuzzukan Afirka ƙudan tsando ne ya yanke hukunci, don sammore da yake yaɗawa yana kashe doki da sa, sai kaya suka koma kan 'yan dako.

Kafin inji, sufuri lamari ne na ciki. A ce ɗan dako yana ɗaukar kilo 30, yana cin kusan kilo 1 na hatsi kullum. Idan babu abinci a hanya, kwana 15 zuwa da 15 dawowa sun cinye kayan duka, bai kai wa kowa komai ba. Jaki da raƙumi sun fi shi ne saboda suna kiwo a hanya.

To, a wata duniyar me za su ci? Doki da saniya ba su narkar da ciyawa da ƙarfin kansu. Ƙananan halittun da ke cikinsu ne ke farfasa ta. Babu dalilin zaton waɗannan halittu za su iya da tsiron da ya samo asali a wata duniya. Mai shirya wasan da ya sauke doki a can, sai ya fara shuka masa ciyawar nan, ko ya ƙirƙiro dabbar can wadda za ta horu. Horuwar ma ba banza ba ce, ga jakin dawa nan ya ƙi sirdi har yau.

Malaman sakandare na iya mai da wannan aikin aji. A ba kowane rukuni duniya ɗaya, da ruwanta da tsironta da ƙwarinta, a ce su kai buhu 100 garin da ke nisan kwana 20, su kuma lissafa nawa zai isa.