SHARHI: Bayan Sallamar Ma'aikata, A Kula Da Waɗanda Suka Rage

Sanin kowa ne cewa 'yan kasuwar Maiduguri sun sha wuya a 'yan shekarun nan. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun da ke kawo wa birnin wutar lantarki daga Damaturu, a watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, sa'an nan a watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye wani babban sashe na gari. Haɗe da tsadar man fetur bayan janye tallafi a 2023, ba abin mamaki ba ne mai gidan burodi ko mai injin ruwan leda a unguwa irin Moduganari ya ga ba shi da mafita sai rage ma'aikata.

To amma abin da masu masana'antu suka faye mantawa shi ne waɗanda suka rage a bakin aiki. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ma'aikacin da ya ga an sallami abokinsa ba tare da bayani ba, hankalinsa ya rabu biyu ke nan: rabi a kan aiki, rabi a kan neman wani wuri. Kuma ƙwararru ne ke fara tafiya, domin su ake nema a waje.

Wannan ba sabon darasi ba ne. An gan shi a masaƙun Kaduna da Kano tun zamanin shirin tsuke bakin aljihu na 1986, an sake ganinsa lokacin da haɗe bankuna ya mayar da su 25 daga 89 a ƙarshen 2005. Duk inda shugabanni suka yi gum, jita-jita ce ta riƙa yin magana a madadinsu.

Ita kanta doka ba ta yarda da shiru ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da kuma yawan waɗanda zai shafa, ya fara da na baya-bayan shigowa tare da la'akari da cancanta, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. Haka nan Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba damar cire kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa. Sanar da mai tafiya wannan haƙƙi ba ya cin ko kwabo, amma masu zama suna gani.

A ra'ayinmu, maigida da kansa ya kamata ya tara mutanensa a ranar da abin ya faru, kada ya aiko manaja ko ya liƙa takarda a bango. Ya faɗa musu abin da dizal da kayan aiki suke ci, da abin da ciniki yake kawowa. Ya fayyace yadda za a raba aikin waɗanda suka tafi, da abin da za a ajiye. Idan ba shi da tabbacin cewa ragin ya ƙare, kada ya rantse. Alkawari kaya ne, wanda kuwa ya saɓa sau ɗaya, ba za a sake gaskata shi ba. Ya fi masa ya sa ranar da za a sake zama, ya kuma cika.

Wasu za su ce buɗe littafin ciniki ga yara tonon asiri ne. Amma wanda yake loda kaya kullum ya riga ya san kasuwa ta ja baya. Abin da bai sani ba shi ne ko maigidansa zai gaya masa gaskiya. Jari yakan dawo bayan gobara da ambaliya. Amana ce idan ta zube take wuyar kwasa.