Fuskar Maigida Ma Tana Cikin Lissafin Riba Da Asara

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, ya san kuɗin hayar rumfarsa, da albashin yaransa, da abin da man janareta yake ci masa a wata. Amma akwai wata asara da ba ta shiga littafin akanta, alhali kuwa tana iya cin riba fiye da waɗannan duka, watau irin fuskar da maigida yake shigowa da ita wurin aiki da safe. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu gwanayen karatun fuska irin waɗanda abincinsu yake hannun mai ita. Tun daga yadda ya amsa gaisuwa, yaran shago da akawu da direba sun gama yanke shawarar abin da za su gaya masa yau, da abin da za su bari sai gobe.

Wannan magana ta wuce zato, domin masana sun gwada ta. A shekarar 2002 wata malamar jami'ar Yale ta ƙasar Amurka, marigayiya Sigal Barsade, ta buga sakamakon wani gwaji da ta yi. Ta kasa ɗalibai masu koyon harkar kasuwanci rukuni-rukuni, ta ba su aikin raba wasu kuɗin ladan ƙwazo tsakanin ma'aikata, sa'an nan ta saka ɗan wasan kwaikwayo cikin kowane rukuni ba da saninsu ba. A wani rukunin ya shiga da fara'a, a wani da fushi da ƙosawa, a wani kuma da sanyin jiki. Halin da ya shigo da shi ya kama sauran mutanen, kuma inda fara'a ta yaɗu an fi samun haɗin kai, gardama ta ragu. To, wannan mutum ne wanda ba shi da iko a kan kowa. Ina ga wanda yake biyan albashi?

Babbar asarar da murtuke fuska take jawowa ita ce toshe hanyar mummunan labari. Yaron shago a Kantin Kwari ya ga damshi ya fara taɓa dilolin atamfa a sito, ko kuwa ya ji ƙishin-ƙishin cewa wani da aka ba kaya bashi yana shirin tashi daga gari. In ya san cewa mai kawo irin wannan labari shi ne yake shan zagi a gaban masu ciniki, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, yana fatan wani ya riga shi faɗa. Kafin maigida ya sani, abin da zai gyaru da kwana ɗaya ya yi wata guda yana lalacewa.

Wata malamar jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta ci karo da wannan a binciken da ta buga a 1996 a kan ma'aikatan jinya na wasu asibitoci biyu. Ta yi tsammanin sassan da suka fi samun shugabanci nagari su ne za su fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani, sai ga shi su ne aka fi rubuta musu kurakurai. Da aka bi diddigi, sai aka gane cewa su ne ba sa jin tsoron faɗar kuskurensu. Inda shugaba yake da zafi, takarda fes, amma ɓarnar tana nan a rufe.

Za a ce ai yaro sai da tsawa, kuma wanda ya cika sakin fuska a kasuwa raini ne zai biyo baya. Akwai gaskiya a ciki, domin an ga shaguna da dama da sakaci ya rufe su. Sai dai tsare doka daban, zafin rai daban, kuma labarin kamfanin motoci na Ford ya nuna bambancin.

A watan Satumba na 2006 kamfanin ya ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing ya ba shi shugabanci. A shekarar nan Ford ya yi asarar fiye da dala miliyan dubu 12. Sabon shugaban ya kafa taron manyan manajoji kowace ranar Alhamis, inda kowa zai nuna matsayin aikinsa da launi: kore in lafiya lau, rawaya in akwai damuwa, ja in abin ya ɓaci. Dokokin taron kuwa masu tsauri ne, ba fashi, ba taɓa wayar hannu, ba yi wa wani ba'a. Amma mako bayan mako sai kore ake ta nunawa, a kamfanin da kuɗi suke zurarewa kamar ruwa a kwando, saboda manajojin sun saba da cewa wanda ya tona matsala ya tona wa kansa rami.

Ana nan sai Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya sa ja a kan sabuwar motar Edge, wadda aka dakatar da fitar da ita saboda matsalar ƙofar baya. Ɗakin ya yi tsit, ana jiran a ga yadda za a yi da shi. Mulally ya tafa masa, ya tambaya ko wa zai iya taimaka masa, nan take wasu suka ce za su tura injiniyoyinsu. Cikin 'yan makonni jadawalin taron ya cika da ja da rawaya, a lokacin ne shugaban ya fara ganin ainihin halin da kamfaninsa yake ciki.

Ba daidai ba ne a ce tafi kaɗai ya ceci Ford. A ƙarshen 2006 ya jinginar da kusan duk kadarorinsa, har da tambarinsa, ya ciwo bashin fiye da dala miliyan dubu 23, kuma wannan kuɗi ne ya riƙe shi lokacin da General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009. Amma bashin da aka zuba cikin kamfanin da manajojinsa suke ɓoye ɓaraka, ƙarin nauyi kawai zai zama. Shi kuwa Fields, wanda abokan aikinsa suka zaci ranar nan za a sallame shi, shi ne ya gaji kujerar Mulally a 2014.