Kafin a sayo wa Inna ƙwayar kalsiyam

A unguwarmu ta Dar es Salam, nan Yamai, da wuya ka shiga gida ka rasa mai hawan jini, wato tansiyo kamar yadda muke ce masa. Abin da ya zama ruwan dare kuma shi ne, da zarar dattijuwa ta ce ƙasusuwanta na ciwo, sai ɗa ko 'ya su biya farmasi, ko ma wurin masu tallar magani a tire, su sayo mata ƙwayar kalsiyam. Niyyar mai kyau ce. Amma ni dai a ganina mu daina, sai an auna jini tukuna.

Ga dalilina. Mu malamai muna koya wa yara maƙoƙo da gishiri mai aidin, amma ba mu cika ambaton abin da ke maƙale a bayan wannan naman wuyan ba. Wasu 'yan ƙwayoyin nama ne guda huɗu, kowacce kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu faratiroyid. Ƙanƙantarsu ta sa sai a 1880 wani ɗalibin likitanci a Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin mutum. Aikinsu gadin kalsiyam ɗin da ke cikin jini. In ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadari da ke yago shi daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi cikin fitsari, ya kuma sa hanji ya ƙara tsotso shi daga abinci.

Wani lokaci ɗaya daga cikin huɗun takan kumbura ta ƙi jin birki. Yawanci ba kansa ba ce, kuma an fi ganin haka ga matan da suka daina al'ada. Sai ƙashi ya yi ta zagwanyewa, jini kuwa ya cika da kalsiyam. Mai wannan lalura tana fama da ciwon ƙashi, kasala, mantuwa, taurin bayan gida, ƙishirwa da yawan fitsari, wani sa'in har da tsakuwar ƙoda. Ku dubi jerin nan da kyau. Wanne ne a ciki ba za mu ɗora wa tsufa ba, ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40? Irin wannan uwar ce muke ƙara wa kalsiyam, alhali shi ne ya yi mata yawa.

To ina ruwan wannan da tansiyo? A kan kowace ƙoda akwai wani ɗan nama kamar hula, mai fitar da sinadarin aldosteron, wanda ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Sinadarin faratiroyid yana zuga wannan hular ta ƙara aiki. Shi kuma aldosteron in ya yi yawa yana sa kalsiyam ya zube ta fitsari, sai faratiroyid su ƙara tashi tsaye. Kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. Ga shi kuma yawan kalsiyam na sa jijiyoyin jini su matse, yana kuma lalata ƙoda a hankali. Har ila yau, wani maganin tansiyo da aka saba bayarwa, haidirokuloro-tayazaid, yana rage zubar kalsiyam ta fitsari, don haka wanda ke shan sa ya fi kowa bukatar ya tambayi likita kafin ya ƙara wata ƙwaya.

Na san za a ce ai mu nan ƙarancin kalsiyam ne matsalarmu, tunda tuwon gero da masara ba su da shi sosai, nono kuma ya yi tsada. Gaskiya ne. A Jos, binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna yara masu lanƙwasassun ƙafafu sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 a rana ga masu juna biyu a inda abinci ba ya wadatar da shi, don kare su daga hawan jinin ciki. To amma wannan a awon ciki ake ba da shi, a hannun ungozoma. Yaro mai tasowa da mai ciki daban, Inna mai shekara 60 daban. Ciwon ƙashi ɗaya ne a baki, amma na wata rashi ne, na wata yawa, kuma ido ba ya rarrabe su.

Gwajin ba wani abin tsoro ba ne, jini kaɗan ake ɗiba, a takarda likita zai rubuta calcémie. Lafiyayyen adadi yana tsakanin kusan miligiram 85 zuwa 105 a kowace lita. In ya haura, sai a sake aunawa, a haɗa da na sinadarin faratiroyid ɗin. Ranar da za ku raka Inna asibiti, ku kwashi duk ƙwayoyin da take sha a leda, har da na tire, ku kuma faɗi maganar tsakuwa ko yawan fitsari ko ba a tambaya ba. In an tabbatar da cutar, tiyata na cire ƙwayar da ta kumbura, kalsiyam ya daidaita. Tansiyon dai ba lallai ya sauka ba, don haka kada a ajiye maganinsa sai likita ya ce.