Ku Daina Sayar Mana Da Inuwa

Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a fili a Sakkwato ko Nguru ko Yola cikin watan Afrilu ya san azabar da nake nufi. Sitiyari ba ya taɓuwa, ƙarfen bel yana ƙona fata, yaro kuwa da an zaunar da shi a kujera sai ya fasa ihu. A bazara zafin waɗannan garuruwa yana haura digiri 40, wasu ranakun har 44, kuma cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce 60. A wannan ƙasar ce fa aka ce sai mutum ya nemi izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, ya kuma biya kuɗi, kafin ya kare iyalinsa daga rana. Wannan zalunci ne, kuma mun daɗe muna haɗiye shi.

Tushen abin dokar soja ce mai lamba 6 ta shekarar 1991, zamanin Babangida. Ta haramta gilashi mai duhu sai ga wanda yake da dalilin lafiya ko na tsaro, ta yanka tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata shida. Babban aibinta shi ne ba ta kawo ma'auni ba. Ba ta ce kashi kaza na haske ne zai ratsa gilashi ba. Ta bar hukunci ga idon jami'in da ke tsaye a shinge, kuma duk direban ƙasar nan ya san yadda maganar take ƙarewa: "Malam, yi fakin. Ina takardar gilashi?" Daga nan sai roƙo, sai "Yallaɓai a yi haƙuri", sai na goro.

A 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da takardar. A 2025 magajinsa Kayode Egbetokun ya dawo da ita ta intanet, da kuɗinta, aka sa wa'adi, aka ɗaga zuwa Agusta, aka sake ɗagawa zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta kai ƙara, a wata ƙarar daban kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Warri ta ce a dakata, rundunar 'yan sanda ta janye. Shekaru ke nan ana wasa da hankalin mutane, yau a ce nemi, gobe a ce an daina bayarwa, jibi a ce za a kama mota. Har wanda ya sayi Sienna 'yar Kwatano, wadda tun daga kamfani gilashinta na baya yake da duhu, an ce shi ma ya je ya biya. Me ya aikata? Laifinsa shi ne ya sayi motar da za ta ɗauke matansa da 'ya'yansa.

Za a ce tsaro. Ban raina wannan magana ba. Masu fashin da ke ɗaukar fasinja a Abuja suna ɓuya a bayan baƙin gilashi, masu garkuwa da mutane ma sun yi amfani da shi, kuma ɗan sandan da ke tunkarar motar da ba ya ganin cikinta yana da haƙƙin ya ji tsoro. Amma a gaya mini, takarda tana sa gilashi ya yi haske ne? Motar da ke da izini duhunta ɗaya da wadda ba ta da shi. Ɓarawon da ke karɓar miliyoyin kuɗin fansa ba kuɗin takarda ne zai gagare shi ba. 'Yan bindigar da suka hana Zamfara da Katsina barci kuwa a kan babura suke zuwa, da rana tsaka, ba su ɓoye komai ba. Motocin da suka fi kowanne baƙi a titunanmu na manya ne, masu jiniya, masu rufe lamba da kyalle, kuma su ne ba a tsayarwa. Mai shinge ya ce a sauke gilashi ya duba, wannan ya fi takarda dubu amfani.

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da gaske lamba suka sa. A Ingila dole gilashin gaba ya bar kashi 75 cikin 100 na haske ya wuce, na gefen direba kashi 70, na baya kuwa ba ruwan hukuma, kuma akwai na'urar da ake maƙala wa gilashi ta faɗi lamba nan take. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda zafinta ya yi kama da namu, tun 2017 ta yarda da duhu har kashi 50 ban da gilashin gaba. Ba wanda zai yi maka ciniki a bakin titi, ko ka wuce ma'auni ko ba ka wuce ba.

Su wa wannan tsarin namu yake cutarwa? Zabiyan da rana ke jawo wa ciwon dajin fata. Mai sikila, wanda ƙishirwa da zafi kan tayar masa da ciwo. Direban haya da ke yin Kano zuwa Maiduguri, hannunsa na hagu ya ƙone ya fi na dama baƙi. Magidancin da tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina kunna esi saboda ba zai iya ba. Doka ta ce a ba mai dalilin lafiya izini, to zafin digiri 44 dalilin lafiya ne ga kowa, ba sai likita ya rubuta ba.

Ina da fushi na biyu, kuma a kan masu manna wa gilashi leda ne. Da yawansu suna sayar wa mutane baƙi a matsayin sanyi, alhali ba haka abin yake ba. Kusan rabin zafin rana yana zuwa ne cikin wani haske da ido ba ya gani, kuma ledar banza mai arha, wadda rini kawai aka yi mata, ba ta tare shi yadda ya kamata. Tana rage ƙyallin rana, ta bar ka da gumi, bayan 'yan watanni ta koma shuɗi-shuɗi ta yi ƙuraje. Leda mai inganci, irin ta siramik, tana iya zama da haske har a ga fuskar direba, amma ta tare zafi fiye da waccan baƙar. Sai ka ga matashi ya ce "a sa min mai duhu sosai", an lulluɓe masa har gilashin gaba, da dare ya hau titin da babu fitila, ga adaidaita sahu ba danja, ga mai keke, ga shanu na tsallakawa. Wannan ganganci ne da ran mutane, kuma ba na kare shi. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ita ya kamata ta tsaya kan ledar da ake shigowa da ita, a rubuta lambar haskenta a jiki. Kuma kowa ya sani, komai tsadar leda, ba a barin yaro cikin rufaffiyar mota ko na minti biyar.

Gyaran yana hannun Majalisar Tarayya. A soke dokar 1991, a sa lamba ga gilashin gaba da na gefen direba, a saki na baya, a ba jami'ai na'urar awo, a daina karɓar ko kwabo. Sanatocin Sakkwato da Yobe da Borno da Adamawa sun fi kowa sanin wannan rana, a cikinta aka haife su, kuma kullum cikin baƙin gilashi suke wuce mu. Wannan ƙudurin daga hannunsu muke jiran sa.