Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Boɗinga da Shagari Kan Zafin Bazara

Zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da iyayenmu hakimai, da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato.



Duk shekara kafin ruwa ya sauka akan zauna a kan ambaliya da amai da gudawa, a tanadi magani, a yashe magudanai. Bazara kuwa ba a yi mata zama. Ta shigo a Maris, ta tsananta a Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi ya haura 40, wata rana ya doshi 45, sai mu ce ai Sakkwato ce, mun saba. Roƙona gare ku shi ne ku ɗauki zafin nan a matsayin annoba mai lokacinta, ku shirya masa kamar yadda kuke shirya wa damina.

Abin da ya sa ba a jin tsoronsa shi ne ba kasafai yake kisa da sunansa ba. Jikin ɗan Adam yana son zama a kusan 37. Idan zafi ya yi yawa, zuciya kan ƙara bugu don ta tura jini zuwa fata, gumi ya yi ta zuba, ruwa da gishirin jiki su ragu, ƙoda ta shiga wahala. Saurayi mai lafiya zai iya jurewa. Tsoho mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai juna biyu, da jariri, su ne ke faɗuwa. Mafi muni shi ne daren da bai huce ba, a ɗakin kwano mai 'yar taga ɗaya, ga babu wuta, jiki bai sami hutun da zai fuskanci gobe ba. Da safe a ce Baba ya kwanta bai tashi ba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, a ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma yana da sanadi, kuma addininmu bai hana mu bincikar sanadi don mu kare na baya ba.

Inda aka ƙirga, an ga abin tashin hankali. A ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya rubuta mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 aka rubuta. Lokacin ƙarshen azumi ne, ga ɗaukewar wuta, kuma da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne. Wata biyu bayan haka alhazai fiye da 1,300 suka rasu a aikin Hajji, zafin Makka ya wuce 51. Mu da Mali yanki ɗaya muke, rana ɗaya ke dukanmu.

Saboda haka abu na farko, wanda ba ya bukatar kwangila, shi ne rubutu. Daga Maris zuwa saukar ruwa, kowace cibiyar lafiya, daga Sifawa da Danchadi zuwa Kajiji da Dandin Mahe, ta riƙa rubuta duk wanda aka kawo a galabaice ko a sume, da shekarunsa, da aikin da yake yi. Masu unguwanni da limamai, waɗanda babu jana'izar da ke wuce su, su riƙa miƙa adadi ga hakimi duk mako. Bazara ɗaya ta isa ku ga makon da mutuwa ta ƙaru, ku gwada shi da ranakun da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ta yi gargaɗi. Haka birnin Ahmedabad na Indiya ya fara: bayan zafin watan Mayun 2010 suka duba littattafansu, suka tarar an yi rarar mutuwa fiye da 1,300, sai a 2013 suka fito da tsarin gargaɗi, da wuraren shan ruwa, da horar da ma'aikatan asibiti.

Gargaɗin NiMet ɗin nan yana fitowa, amma da Turanci, a waya, ga waɗanda ke da inuwa da fanka. Mai ban-ruwan albasa a fadama, da ɗan kabu-kabu, da ɗan ga-ruwa, da uwargida mai girki da itace a tsakar gida, ba ya isa gare su. Iyayenmu hakimai, wannan naku ne. Ku sa mai shela ya zaga ranar kasuwa, limamai su faɗa bayan sallah: a matsar da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar, a leƙa tsofaffi dare da rana, a ƙara ba jarirai nono. Malamai kuma su fito fili su tunatar da marar lafiya rangwamen da shari'a ta yi masa a azumi, domin tsofaffinmu suna jin nauyin karɓarsa sai an faɗa musu.

A koya wa mutane alama ɗaya da ba a jira da ita. Wanda jikinsa ya yi zau, ya fara sambatu ko ya ruɗe, ba aljanu ba ne. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti nan take. Ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa, a lokacin da sanƙarau ke tashi, su ma a nufi asibiti da su, kowa ya tuna annobar sanƙarau da jiharmu ta gani a 2017.

Sai dai kada a kai mutum asibiti ya tarar ɗakin jinya ya fi gidansa zafi. Cibiyar da ke karɓar haihuwa tana bukatar rijiyar burtsatse mai aiki, da sola mai juya fanka da daddare, da ruwan ƙari, da ƙullin gishiri da sukari, tun a Fabrairu. Marar lafiya daga ƙauyen Shagari ba lalle ne ya kai asibitin koyarwa na Sakkwato da rai ba. A makarantu a tashi yara kafin rana ta take a makonnin da aka yi gargaɗi, a dasa dogon yaro a tashoshi da kasuwannin hanyar Jega, a ɗora alhakin shayar da shi a wuyan wani sananne.

Ina roƙon ku kira zaman farko kafin hunturu ya wuce, ku gayyaci ma'aikatan lafiya na karkara, ku bar su su fara magana.

Wassalam. Naku, ɗaya daga cikin talakawanku.