Sanin Wurin Bugu Shi Ne Ƙira

Duk sa'ad da wata gwamnati a yankinmu ta sayo jiragen yaƙi, sai a yi shagali. Najeriya ta karɓi Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, Nijar ta sayo Bayraktar marasa matuƙi daga Turkiyya. An yi jawabai, an ɗauki hotuna. Amma wane ne zai karanta taswira, ya tantance abin da ke ƙasa, kafin a saki bam?

A jirgin yaƙi mai kujeru biyu, bayan matuƙi akwai hafsan da aikinsa shi ne lura da hanya, na'urorin hange da makamai. A Amurka, irin wannan hafsa yakan shafe kusan shekara guda yana karatu a Fensakola, sannan a tura shi ya koyi jirgin da zai yi aiki a cikinsa. Mu kuwa kuɗin ƙarfe muke ƙirgawa, mu manta da idon da zai sarrafa shi.

Ga sakamakon. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan Najeriya ya jefa bama-bamai a sansanin ƴan gudun hijira na Rann, mutane fiye da 100 suka rasu. Binciken soja ya ce sansanin ba ya cikin taswirar aikinsu. A Fabrairun 2022, a cewar gwamnan Maraɗi, jirgin Najeriya ya hallaka yara 7 a ƙauyen Nacade na gundumar Madarunfa. Ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi marar matuƙi ya auka wa masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aka binne aƙalla mutum 85.

Za a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta wanke sakaci. Wanda bai iya bambanta taron Mauludi da taron ƴan bindiga ba, karatunsa bai cika ba, ko da ya haddace kowane maɓalli.

Saboda haka a sa sanin ƙasa da mutanenta cikin manhajar horon: ranakun kasuwa, bukukuwan addini, burtalin makiyaya, da ƙauyukan da suka ratsa iyaka. A bayyana rahoton kowane kuskure, a mai da shi darasi a makarantun sojan sama. Talakan da harajinsa ya sayi jirgi yana da haƙƙin ya ji ƙararsa bai ruga daji ba.